Yadda Ake Haɗa Kan Hukumomi a Unguwa Don Rage Cinna Wuta da Ɓarnar Kayan Jama'a

Na daɗe ina riƙe da littafin kwamitin tsaro na gundumarmu a cikin Kano, kuma na taya wasu unguwanni kafa irin nasu. Abin da na fi gani a wannan aiki shi ne kowace hukuma tana riƙe da guntun labari ne kawai. 'Yan kwana-kwana sun san jujin da ya kama wuta sau uku cikin wata guda. Hedimasta ya san tagar da aka ɓalle a aji biyar. Ma'aikacin wutar lantarki ya san kebur ɗin da aka yanke. Mai unguwa ya san gidan da ake ta kai ruwa rana kan gado. Baturen 'yan sanda kuwa ba ya jin ko ɗaya sai an yi asara an zo kai ƙara. Aikinka, kai da aka ɗora wa wannan nauyi, shi ne ka tara guntayen nan wuri ɗaya kafin su zama gobara.

Wanda ya ga yadda kasuwar Sabon Gari ta ƙone a watan Maris na 2016, dubban shaguna suka zama toka, ko kasuwar Monday Market ta Maiduguri a watan Fabrairun 2023, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ko da gangan aka cinna wuta ko ganganci ya jawo ta, abincinta ɗaya ne: shara, duhu, toshewar hanya da rashin ruwa a kusa.

Kayan da za ka tanada

Littafi babba mai ƙwaƙƙwaran bango, irin rijistar makaranta. Shi ne uban kayan aikin gaba ɗaya. Sai taswirar gunduma. Idan akwai mai iya fitar da ita daga Google Maps ya buga a babbar takarda, madalla, idan babu a sami farin kwali a zana da hannu, a sa tituna, lunguna, makarantu, masallatai, asibiti, kasuwa, tiransifoma da jujai. Waya mai kyamara. Tocila mai ƙarfi da usur ga masu sintiri. Fenti da buroshi. Bokitan yashi. Wurin zama da kowa zai iya shiga ba tare da jin nauyi ba, kamar zauren dagaci ko aji ɗaya a firamare. Kuɗi kaɗan na katin waya, ruwan sha da man babur, kuma a sami ma'aji daban, kada kai mai riƙe da littafi ka riƙe kuɗi.

1. Fara da masu sarauta, ka samo takarda

Kada ka tashi kai tsaye ka nufi ofishin 'yan sanda da sunan kana kafa kwamiti. Je wurin mai unguwa, shi ya kai ka gaban dagaci, dagaci ya sanar da hakimi. Daga nan a nemi takardar gabatarwa, a kai kwafi sakatariyar ƙaramar hukuma ta hannun kansila. Jami'in gwamnati yana sakin jiki ne idan ya ga takarda mai hatimi, domin gobe idan shugabansa ya tambaye shi me ya kai shi taron, yana da abin nunawa.

Idan kansila ya yi nawa, ci gaba da takardar hakimi, amma a riƙa aika masa da rahoton kowane zama. A guji barin kwamitin ya zama na jam'iyya. Ranar da aka fara kiran sa da sunan wani ɗan siyasa, rabin unguwa sun fita ke nan.

2. Nemi mutum ɗaya sananne daga kowace hukuma

Kuskuren da sabbin shiga suka fi yi shi ne gayyato manya. Babban zai zo ranar buɗewa, a ɗauki hoto, daga nan kowane zama sai a turo sabuwar fuska da ba ta san inda aka kwana ba. Roƙi kowane shugaba ya ba ka mutum ɗaya, da sunansa da lambar wayarsa, wanda shi zai riƙa zuwa kullum.

Daga 'yan sanda, wanda Baturen 'yan sanda ya amince da shi kan hulɗa da jama'a. Daga Sibil Difens, jami'in da ke kula da kadarorin gwamnati, domin dokar da ta kafa rundunar a 2003, wadda aka yi wa gyara a 2007, ta ɗora mata tsare irin su layukan lantarki da bututun ruwa da na mai. Mutane da yawa ba su san haka ba, sai su kai kukan satar kebur wurin da ba a nan ya fi sauri ba. Daga hukumar kashe gobara, shugaban tashar da ta fi kusa da ku. Daga kamfanin rarraba wuta, wato KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, injiniyan yankin. Sai mai kula da kwashe shara, a Kano hukumar REMASAB ko sashen tsafta na ƙaramar hukuma, hedimasta da shugaban kwamitin iyaye, shugaban 'yan kasuwa, kwamandan 'yan sintiri, Hisba inda take, limami. Inda cunkoso ya yi yawa a sa ɗan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, inda shaye-shaye ya yi katutu a sa jami'in NDLEA.

Mutum uku kuma da ake yawan mantawa: mace mai faɗa a ji, kamar shugabar Islamiyyar matan aure, domin mata ne ke gida suna jin motsin lungu da rana, saurayi da samari ke jin maganarsa, da shugaban 'yan gwangwan, wato masu sana'ar jari-bola. Zan dawo kan na ƙarshen nan. Kada adadin ya wuce mutum 15, in ba haka ba zaman zai koma taron jawabi.

3. Buɗe littafin

A nan nake so ka fi natsuwa. Ja layi a kowane shafi: kwanan wata, ranar mako, ƙarfe nawa, wuri, abin da ya faru, akwai wutar lantarki a lokacin ko babu, wa ya fara gani, wa aka kira, minti nawa suka yi kafin su iso, me aka yi daga baya. A zaman farko kowa ya zo da abin da ya sani na wata 6 da suka wuce, a zuba su duka.

Ƙananan abubuwa su ne masu amfani. Taya da aka ƙona a bakin titi, kan famfo da aka kwance, murfin kwalbati da ya ɓace, kwan fitilar titi da aka jefe, kwado da aka taɓa amma bai ɓalle ba. Mutane za su ce maka wannan ai ba abin rubutawa ba ne. Rubuta.

Ga abin da ya sa. Akwai wata firamare a yankinmu da aka riƙa yi wa ɗauki ɗai-ɗai: yau taga, jibi ƙofa, wata rana benci. Wata safiya muka shiga wani aji muka tarar da toka a tsakiyar daɓe, ga guntayen littattafan yara rabi a ƙone, ga ƙafar benci ta zama gawayi, ga kwalin ashana da kwalaben maganin tari a kusurwa. Silin ya yi baƙi ƙirin daidai saman wurin. Da tartsatsi ɗaya ya kama katakon rufi, da jerin azuzuwa huɗu sun tafi. Da muka buɗe littafi muka jera abubuwan da suka faru a makarantar, sai ga shi kusan duk daren Alhamis ne ko cikin hutu. Mai gadin dattijo ne, shi kaɗai, kuma duk Alhamis yakan tafi ƙauye ya kwana wurin iyalinsa. Kowa ya san guntun wannan labari, amma sai da aka rubuta aka gane. 'Yan sintiri suka karɓi daren Alhamis, iyaye suka toshe inda katanga ta zube, aka sa fitilar sola guda biyu, abin ya tsaya.

Gargaɗi mai nauyi: kada ka rubuta sunan wanda ake zargi a wannan littafi, kuma kada a sa shi a rukunin WhatsApp na kwamiti. Suna yana zuwa ne baki da baki ga ɗan sanda ko jami'in Sibil Difens. Littafi yana iya faɗawa hannun kowa, kuma zargi ba hujja ba ne. Haka sunan wanda ya kawo rahoto. Idan aka tona shi sau ɗaya, babu mai sake faɗa maka komai.

Idan babu mai iya rubutun boko da sauri, a rubuta da ajami. Idan wani ba ya son zuwa da kansa, ya aiko da saƙon murya, kai ka juya shi cikin littafi.

4. Ku zaga da ƙafa, da rana da kuma dare

Ɗauki taswira, ka ɗiga jan biro a duk inda wani abu ya faru. Za ka ga ɗigon sun taru a wurare kaɗan. Waɗannan za ku je ku gani tare, sau ɗaya da hantsi, sau ɗaya bayan sallar isha, domin lungun da ke cike da mutane da rana yakan zama kufai da dare. Kowa ya duba da idon aikinsa. Ɗan kwana-kwana zai ce maka motarsu ba za ta iya juyawa a wannan kwana ba. Injiniya zai nuna maka wayar da aka ja ta ɓarauniyar hanya. Ɗan sanda zai nuna inda mutum zai laɓe. Ku kuma rubuta inda ruwa yake: rijiyar burtsatse mai babban tanki, gidan wankin mota, kududdufi, gidan mai tankar ruwa, tare da lambar mai wurin da izininsa tun yanzu.

5. Raba aiki: wuri ɗaya, mutum ɗaya, rana ɗaya

Kada a tashi daga zama da cewa “za a duba”. Kowane aiki a rubuta sunan mai yi da ranar da zai gama. Ku fara da wurare uku kacal. Ga abin da ake yi a kowane irin wuri.

Juji da kango. Sharar da ta taru jikin katanga, kusa da shago ko ƙarƙashin wayar wuta, ita ce ta farko. A kwashe ta kafin hunturu ya kankama, domin daga Disamba zuwa Fabrairu iska a bushe take, ga masu jin ɗumi, ga yara masu cinna wa ciyawa wuta don farautar gafiya. Idan motar shara ta yi wuyar samu, a haɗa kuɗi a ɗauki masu kura ko baro, a matsar da ita nesa da gini. Kango kuma mai unguwa ya nemo mai shi ko magada, a sa su toshe ƙofa da tagogi da bulo, a share ciyawa. Idan sun ƙi, a rubuta wa ƙaramar hukuma.

Tiransifoma. Ɓarayi suna neman jan ƙarfen da ke cikin kebur da kuma man da ke cikinta, kuma suna zuwa ne lokacin da aka ɗauke wuta. Don haka a roƙi injiniya ya riƙa sanar da kwamiti idan za a daɗe babu wuta, 'yan sintiri su ƙara sa ido a daren. A kewaye ta da keji na ƙarfe mai kwado biyu, a sa fitilar sola, a sare ciyawa, a hana kafa rumfa ko tara kaya a jikinta. Amma duk aikin walda ko siminti a wurin sai da izinin kamfani kuma injiniyansu na tsaye, an kashe layi. Wutar da ke shiga tiransifomar unguwa takan kai bolt 11,000, ba ta bukatar ka taɓa waya kafin ta kama ka. A kuma yi yarjejeniya: duk wanda ya zo gyara, ko da rigar aiki da tsani, sai ya nuna katin shaida kuma an kira injiniya an tabbatar. Da dama daga cikin masu wannan ɓarna sun san aikin wuta sarai, shigar ma'aikata suke yi.

Makaranta da asibitin unguwa. Fenta sunan wurin da manyan baƙaƙe a jikin benci, ƙofa, taga, tanki, batir da farantin sola. A ɗauki hoton kowane kaya da lambarsa. Kafin a tafi hutu a tattara kaya masu daraja a ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe. Abin da ya fi katanga tsaro kuwa shi ne mutane: a bar Islamiyya ta yi karatu da yamma, a bar matasa su yi ƙwallo a fili bisa sharaɗin su ne masu kula da shi. Wurin da ake shiga ana fita ba ya zama maɓoya.

Kasuwa. Kowane layi ya sami makunnin wutar lantarki guda ɗaya da mai gadi zai sauke idan an tashi, saboda hita ko dutsen guga da aka bari a jone lokacin da babu wuta, tsakar dare wuta ta dawo ba kowa. A fitar da fetur da janareta daga cikin shaguna, a nisanta 'yan bumburutu daga masu shayi da masu suya. Kowane layi a rataye bokitan yashi da tukunyar kashe gobara mai hoda, a riƙa duba allurarta tana kan kore, kuma 'yan kwana-kwana su zo su koya wa masu gadi amfani da ita da hannunsu. Hanyar mota kuwa a shata ta da fenti, shugabannin kasuwa su hana kasa kaya a kai.

6. Toshe inda ake sayar da kayan

Wanda ya yanke kebur ba ci zai yi ba, sayarwa zai yi. Matsalar ta kai ga a 2023 gwamnatin Borno ta hana sana'ar jari-bola a jihar. A matakin unguwa ba ku da ikon hana sana'a, kuma mafi yawan masu yin ta halal suke nema, don haka a jawo su jiki. Ku zauna da shugabansu ku amince: duk dillali ya riƙe littafin wanda ya kawo kaya, ba saye bayan magariba, ba saye daga hannun yaro, ba sayen kebur da aka ƙone aka cire robarsa, murfin kwalbati, kan famfo ko duk abin da ke ɗauke da fentin makaranta. Jami'in Sibil Difens ya bayyana musu cewa Dokar Lantarki ta 2023 ta tanadi hukunci ga ɓarawon kayan wuta da kuma wanda ya karɓi kayan yana sane. Idan aka yi sata, a tura musu hoton kayan nan take. Sau da yawa ta wurinsu kaya ke dawowa.

7. Kashe rikici kafin ya zama wuta

Cinna wuta da gangan yawanci gaba ce ta daɗe tana ci. A watan Mayun 2024, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Gezawa, wani mutum ya zuba fetur ya cinna wa masallaci wuta ana sallar asuba, mutane da dama suka rasu, kuma bayanin da 'yan sanda suka fitar ya nuna rikicin rabon gado ne sila. Tun daga lokacin ba na ɗaukar kalmar “sai na ƙone gidan nan” da wasa a bakin kowa.

Don haka a ware mutum uku, mai unguwa, limami da ɗan sanda, su riƙa zama na sirri kan rigingimun gado, iyakar fili, haya, bashi, kishi da korar yaron shago. Wanda sulhu zai iya, a yi sulhu. Wanda ya fi ƙarfin zaure, a taimaka ya isa kotu da wuri, kada a bar shi yana ruɓewa. Wanda ya furta barazana a fili, a sanar da 'yan sanda a ranar. Idan akwai alamar taɓin hankali ko ƙwaya, a haɗa danginsa da asibiti. Masu sayar da fetur a galan kuma a ja kunnensu kan mai saye a kwalba cikin dare ba tare da abin hawa ba.

Yaro da aka kama yana wasa da wuta ko fasa gilashi, a kira iyayensa gaban mai unguwa, su biya, shi kuma ya sa hannu a gyaran. A kai shi tashar kwana-kwana ya ga hotunan abin da wuta ke yi. Duka a bainar jama'a ba ya gyara yaro, ƙullaci yake haifarwa.

8. Ranar da abin ya faru

A rubuta jerin kira a manna a masallaci, kasuwa da ɗakin mai gadi: tashar kwana-kwana mafi kusa da lambar gaggawa ta 112, sai injiniya ya kashe layi, sai 'yan sanda, sai mai tankar ruwa. Mai kira ya faɗi unguwa da wata alama sananniya, a tura mai babur bakin titi ya jawo motar. Rai ne farko, a fitar da mutane. Ba a watsa ruwa kan wutar lantarki ko ta fetur; yashi ko tukunya mai hoda.

Na taɓa tsayawa ina kallon motar kashe gobara a bakin wani lungu, jiniya na kuka, ƙofar ƙarfen da 'yan layin suka sa don tsaro a kulle, mai makullin ya tafi ɗaurin aure wani gari. Sai da aka nemo guduma, kafin nan ɗaki biyu sun tafi. Daga ranar muka sa doka: kowace ƙofar layi makullinta uku, ɗaya wurin mai gadi, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya a gidan da ya fi kusa.

'Yan sintiri su kange 'yan kallo, su tsare kayan da aka fitar, su kuma kare ma'aikatan kashe gobara daga masu jifa don haushin an makara. Bayan wuta ta mutu kada a share, kada a kwashe komai sai jami'ai sun duba. A ɗauki hoto daga nesa da kusa. A lura da warin fetur, galan ko kwalba a yashe, wuta da ta tashi a wuri biyu da ba su haɗu ba, kwado da aka ɓalle, ƙofa da aka kulle ta waje. Wanda ya fara gani a rubuta maganarsa a ranar, kafin jita-jita ta gauraya da ita. Idan an kama wani, a miƙa shi ga hukuma lafiyarsa ƙalau. Ɗaukar doka a hannu kisan kai ne, kuma sau da yawa a kan wanda bai ji ba bai gani ba yake faɗawa.

9. Gyara da wuri, a zauna duk wata

Tagar da aka fasa aka bar ta mako biyu tana gaya wa mai ɓarna cewa wurin ba shi da mai shi. A gyara cikin kwana 3 ko da na wucin gadi ne, da langa-langa ko katako. Idan asarar babba ce, kwamiti ya rubuta wa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, da hotuna da jerin waɗanda abin ya shafa, da sa hannun dagaci.

Zama sau ɗaya a wata ya isa, awa ɗaya, rana tsayayya. A fara da karanta ayyukan watan jiya ɗaya bayan ɗaya: an yi ko ba a yi ba. Wanda bai yi ba a tambaye shi abin da ya hana, ba tare da tozarci ba. Sau da yawa za ka ji babu man mota ne ko babu izini daga sama, kuma wani a wurin yana da maganin abin. A ƙara zama na musamman kafin hunturu, kafin dogon hutun makaranta da kafin zaɓe. Kada ka tsorata idan rahotanni suka ƙaru a watannin farko, alama ce mutane sun fara faɗa. Abin da za ka kwatanta shi ne hunturun bana da na bara, a wuraren da kuka ɗiga wa jan biro.

Jami'an gwamnati ana yi musu canjin wurin aiki ba sanarwa. Da zarar ka ji an kawo sabon Baturen 'yan sanda ko sabon injiniya, ɗauki littafi da taswira, ka nemi mai unguwa ya raka ka, ku je ku yi masa barka da zuwa a makon farko, ku nuna masa wurare ukun da kuke aiki a kai, ku karɓi sunan wanda zai wakilce shi a zama na gaba.